Awa Huɗu a Jikin Na'ura: Horar da Hankali Don Rage Damuwar Mai Ciwon Ƙoda

Wanda likita ya ɗora a kan wankin ƙoda, a ƙa'ida sau uku zai je asibiti a mako, kowane zuwa ya shafe wajen awa huɗu a kishingiɗe, jininsa yana fita ta wata roba ya ratsa na'ura ya dawo ta wata. A ƙasar nan ba kowa ke samun ukun ba. Wani sau biyu yake zuwa, wani sau ɗaya, wani kuwa sai ranar da dangi suka haɗa kuɗi. Ko ma sau nawa ne, a awowin nan hannu ɗaya a ajiye yake, ba tashi ba zagayawa, zuciya ce kaɗai ke ta aiki. Ta lissafa kuɗin wanki na gaba, ta tuno filin da aka sayar, ta dubi gadon da ke gefe ta lura mutumin da ya saba kwanciya a kai mako biyu ke nan bai zo ba. Sai saƙa da warwara ta kankama. Har a cire allura ba ta tsaya ba, ta bi mutum gida, ta tashe shi ƙarfe uku na dare.

Wannan saƙe-saƙen da ba ya kaiwa ga mafita shi ke rura ciwon damuwa, kuma shi atisayen halarto da hankali ya sa a gaba. Atisayen ba ya gyara ƙoda, ba ya canza abin da takardar gwaji ta nuna, ba ya biyan kuɗin asibiti. Abu guda yake koya wa mutum: ya farga da wuri cewa tunani ya yi awon gaba da shi, kuma ya san hanyar dawowa inda jikinsa yake. A faɗe ƙaramin abu ne, amma a tambayi mai kwana ido biyu.

A fara sanin abin da ake fama da shi

Ciwon ƙoda ya iya kwaikwayon ciwon damuwa. Kasala, rashin cin abinci, rashin barci, yawan mantuwa, duk dattin da ƙoda ta kasa tacewa da ƙarancin jini suna kawo su. Shi ya sa alƙaluma kan saɓa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2013, wanda ya tattara bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban, ya samu cewa idan takardar tambayoyi aka ba masu wankin ƙoda suka cike, kusan kashi 39 cikin ɗari ne ke nuna alamun damuwa, amma idan ƙwararre ya zauna ya yi hira da su, adadin yakan sauko wajen kashi 23. Ko a ƙaramin adadin aka tsaya, kusan mutum ɗaya ke nan cikin huɗu. A ɗakin wanki mai gado takwas, biyu.

Alamomin da suka fi nuna damuwar ce da kanta su ne na zuci. Abin da ke yi maka daɗi a da ya daina, ko da jikanka ne ya hau cinyarka. Kana jin ka zama kaya a wuyan iyali. Kana ɗora wa kanka laifin ciwon. Ka yanke ƙauna. Kuma haka kake wuni kusan kullum, har mako biyu ko fiye. Ma'aikatan ɗakin wanki sun san wata alamar: majinyaci ya fara ƙin zuwa alhali ga kuɗin a hannu, ko ya riƙa cewa a cire shi tun lokaci bai cika ba, ko ya watsar da shan magani. Akwai wata takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, ba ta cin minti biyar. Ka roƙi likitanka ku cike ta tare kafin ka fara komai, ka ajiye ta. Maki 10 zuwa sama yana nufin a duba lamarin da kyau.

Masu zuwa dubiya sukan ce, "Ka yi haƙuri, ka sa tawakkali, kada ka sa damuwa a ranka." Da alheri suke nufi. Sai dai mai ciwon damuwa yakan ji maganar a matsayin tuhuma, ya koma yana cewa ashe imaninsa ne ya yi rauni, ya ƙara wa kansa wani nauyin a kan wanda yake ɗauke da shi. Ciwo ne, yana kama mai tsayuwar dare yana kama wanda ba ya yi.

Idan har tunanin kashe kai ya fara zuwa, ko na barin wanki don a mutu a huta, a ajiye wannan jagorar, a gaya wa likita yau ɗin nan. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, ga na Dawanau a Kano. Zuwa can ba hauka ba ne.

Asalin atisayen da iyakarsa

A 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe ɗan aji a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, domin marasa lafiyar da likitoci suka yi iya yinsu amma ciwo ya ƙi tafiya. Mako takwas ake yi, a haɗu sau ɗaya a mako, sannan kowa ya yi atisayen minti 45 a gida kusan kullum. Daga baya masana halayyar ɗan'adam uku, Zindel Segal a Kanada da Mark Williams da John Teasdale a Birtaniya, suka ɗauki tsarin suka haɗa shi da dabarun gyaran tunani, suka fitar da shirin da ake kira MBCT domin hana ciwon damuwa dawowa. A gwajin da suka wallafa a 2000, cikin waɗanda ciwon ya taɓa kayarwa sau uku ko fiye, kusan biyu bisa uku na waɗanda ba su shiga shirin ba ya sake kama su cikin shekara guda da 'yan makonni. Waɗanda suka shiga kuwa wajen kashi 40 cikin ɗari ne.

A kan masu ciwon ƙoda hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba, kuma gara a faɗa tun yanzu. A birnin Montreal na Kanada an yi wani gwaji da masu wankin ƙoda 41, aka wallafa shi a 2017. Rabinsu suna atisayen minti 10 zuwa 15 a kan kujerar wanki, sau uku a mako, har mako takwas. Jikinsu ya ɗauka, mafi yawansu sun kai ƙarshe, amma makin damuwarsu bai bambanta da na sauran ba ta yadda za a kafa hujja. Mutum 41 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su ko ta wane ɓangare.

To me zai sa a wahalar da kai? Saboda ita ma ƙwayar magani sha'aninta ba sauƙi a wannan ciwon. A 2017 ɗin dai, wani gwaji a Amurka kan mutum 201 masu ciwon ƙoda da ba su kai ga wanki ba ya nuna cewa sertraline, ɗaya daga cikin sanannun magungunan damuwa, bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba, ga tashin zuciya da gudawa da ya ƙara wa wasu. Wani gwajin na 2019 kan masu wanki ya kwatanta maganin da zaman gyaran tunani tare da ƙwararre. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, maganin ya ɗan ɗara, amma illolinsa sun fi yawa. A ganina, ga wanda dama cike yake da shan ƙwayoyi safe da yamma, abin da ba ya bi ta ƙoda, ba ya cin ko kwabo, kuma ana yinsa a awowin da dama a banza suke tafiya, ya cancanci a ba shi wata biyu. A yi shi tare da ganin likita. Wanda aka riga aka ɗora a kan maganin damuwa kada ya yanke shi don ya fara wannan, yankewa farat ɗaya tana da nata haɗarin.

Za a tambaya, kuma tambayar tana kan hanya: wannan zaman ba daga mabiya Buddha aka ɗauko shi ba? Kabat-Zinn bai ɓoye cewa a wajen malamansu ya koya ba. Abin da ya shigar asibiti kuwa babu bauta a ciki, babu kiran sunan kowa, babu aƙidar da ake nema ka yarda da ita. Ka ji tafin ƙafarka, ka lura da numfashinka, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa sallame sallah bai san surar da ya karanta ba ya san matsalar da ake magana a kanta. Atisayen ba ya maye gurbin addu'a ko zikiri. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa matakan da ke tafe ɗaya bayan ɗaya, ya ji ta bakinsa.

Darasin farko: ruwan da aka auna maka

A ajin Kabat-Zinn da zabibi ake farawa, a ba kowa ƙwaya ya ci a tsanake. Mai ciwon ƙoda ya bar zabibi da dabino, fotasiyam ya yi yawa a cikinsu. Yana da abin da ya fi su, wato ruwan shansa. Yawanci akan ƙayyade wa mai wanki abin da zai sha a yini: yawan fitsarin da ya yi jiya, a ƙara wajen rabin lita a kai, kimanin leda ɗaya ta fiya wata. Koko da shayi da miya da kankana duk a cikin lissafin suke, kuma adadin da likitanka ya yanka maka shi ne abin bi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Gashuwa wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

Ka zuba kaɗan daga rabonka a ƙaramin kofin shayi. Kafin ka kai baki ka riƙe shi, ka ji sanyinsa a yatsunka, ka ji nauyinsa. Ka duba bakinka: ina ƙishirwar take zaune? A harshe, a ganɗa, ko can cikin maƙogwaro? Ka kurɓi kaɗan, kada ka haɗiye nan take. Bar ruwan ya zagaya, ka ji inda ya jiƙa, ka ji lokacin da sanyinsa ya gushe ya ɗauki ɗumin bakinka. Sannan ka haɗiye, ka raka shi da hankali har inda ka daina jinsa. Ajiye kofin. Numfashi biyu ko uku, sai kurɓa ta biyu.

Kafin ka kai ta uku hankalinka ya tafi, wannan ba makawa. "Wannan ɗan ruwan me zai yi mini? Da can kofi uku nake shanyewa a tsaye." Lokacin da ka farga cewa ya tafi, to nan ne atisayen yake. Ka ce a ranka, "tunani ne," ka dawo kan kofin. Hankali akuya ce mai kwaɗayin gonar maƙwabci, za ta ɓalle sau ɗari, kai kuma ka jawo igiyar sau ɗari, ba zagi ba duka. Mai ciwon damuwa ya ƙware wajen dukan kansa, shi ya sa "ba duka" ɗin nan ya fi komai yi masa wuya, kuma shi ya fi buƙata. Idan ka ji kana cewa "ko wannan ma na kasa," to shi ma tunani ne, ka dawo kan kofin.

A kan gadon wanki

Ka bari nas ta gama sa allura ko haɗa robar wuya, ta auna jininka, na'ura ta daidaita. Awar farko ta fi dacewa, domin jiri da ɗaurewar tsoka sun fi zuwa can wajen ƙarshe bayan an ja ruwa da yawa. Ka gaya mata abin da za ka yi, kada ta ga ka yi tsit ta zaci suma ka yi. Hannun da ke da allura ya zauna a fili, kada a lulluɓe shi da zane ko mayafi, don in allura ta goce a gani da wuri. Rufe ido ba dole ba ne, kana iya kafa shi a wuri guda a bango ko a kan bargonka.

Fara da wuraren da jikinka ya taɓa gado: dugadugai, bayan cinya, gadon baya, ƙeya. Ka ji gadon yana ɗauke da kai. Sannan ka kai hankali yatsun ƙafar hagu. Kada ka motsa su, kada kuma ka zana hotonsu a zuci, ji kawai za ka yi. Ɗumi ne, sanyi ne, tsami ne, nauyin kumburi ne, ko babu komai? Masu ciwon suga da yawa ba sa jin ƙafarsu sosai. Idan babu komai, to "babu komai" ɗin ka samu, ka wuce gaba. Numfashi uku ko huɗu a kowane wuri: tafin ƙafa, idon sawu, ƙwauri, gwiwa, cinya, sai ɗaya ƙafar, sai ciki, ƙirji, hannun da ba allura, kafaɗu, wuya, muƙamuƙi, goshi. Kafaɗu da muƙamuƙi ka ɗan jima a kansu, nan mutum ke ɗaure fargabarsa bai sani ba. Sau da yawa za ka tarar haƙoranka a cije suke tun lokacin da aka soka allura. Hannun allurar ka bar shi ƙarshe, a makonnin farko ma kana iya tsallake shi ɗungurum.

Masu koyar da atisayen nan kusan duk numfashi suke sa a bi da hankali, domin da masu lafiyayyen huhu suka saba. Wanda ruwa ya taru masa, musamman bayan doguwar tazarar ƙarshen mako, sa ido kan numfashi yakan ƙara masa tsoro ne kawai. In haka kake ji ka rabu da shi. Kai hankali tafin ƙafarka, ko tafin hannunka a kan cinya, ko sauti: ƙugin na'ura, juyin fanka, takun ma'aikata a baranda. Ka ji sautin yana tashi yana mutuwa, kada ka bi labarinsa. Idan na'urarka ta yi ƙarar gargaɗi, buɗe ido ka jira nas. In kuwa numfashin bai dame ka ba, ka bar shi yadda ya zo, ba ja da ƙarfi ba riƙewa, ka lura da tashin ciki da saukarsa.

Minti goma sun isa. Ka saita waya ta sanar da kai, don kada ka yi ta leƙen agogo. Minti 45 ɗin asali sun yi wa mai ƙarancin jini yawa. Idan barci ya sace ka ba laifi, a zuwa na gaba ka sa a ɗan ɗaga maka kan gadon, ka bar ido a buɗe.

Abin da ake zama da shi da abin da ake kiran nas a kai

Akwai maganar da ake yawan yi a wannan atisayen, cewa mutum ya karɓi duk abin da ya ji a jikinsa. Ga mai ciwon ƙoda maganar nan sai da togaciya, kuma wanda ya koyar da ita ba togaciya ya yi ganganci. Ciwon ƙirji, numfashin da ya sarƙe farat ɗaya ko ya hana kwanciya, jiri da duhun ido da gumi mai sanyi, bugun zuciya da ya rikice, zazzaɓi da rawar ɗari ga mai robar wuya, jini a wajen allura, ƙafafun da ƙarfinsu ya zube ba dalili: waɗannan ba a zama ana kallonsu. Ka kira nas, in a gida ne a nufi asibiti. Ɗaurewar tsoka a kan na'ura ita ma a faɗa, don ana iya rage saurin jan ruwan.

Abin da ake zama da shi shi ne wanda likita ya riga ya sani, ana kan maganinsa, amma ya ƙi tafiya: ƙaiƙayi, ƙishirwa, kasalar bayan wanki, ƙafar da ba ta son zama wuri ɗaya da dare, tsoron allura. Mu ɗauki ƙaiƙayi. Da ya taso, hannu ke riga hankali isa wurin. Ka jinkirta susa na numfashi biyar kacal. A cikin biyar ɗin ka bincike shi. Faɗinsa ya kai tafin hannu, ko bai fi kan yatsa ba? A tsaye yake ko yana tafiya? Suka ce ko zafi? Za ka ga yana hawa yana sauka, bai taɓa tsayawa a ma'auni ɗaya ba. Sannan ka lura da abin da ya biyo shi a zuci: "Haka zan ƙare rayuwata." Ƙaiƙayin yana gadon bayanka, wannan maganar kuwa a kanka take, kuma ita ta fi ciwo. Da zarar ka iya raba su biyu, ka samu abin da ake nema. Bayan numfashi biyar in ka ga dama ka shafa mai ko ka sosa a hankali, da saninka. Idan ya tsananta ka gaya wa likita, yana iya zama alamar fosfet ya hau ko wankin bai wadatar ba.

Minti uku, da ƙarfe ukun dare

Abin da ya fi amfani a cikin shirin MBCT ga mai jigilar asibiti shi ne wani gajeren atisaye na minti uku, da za a iya yi a layin ganin likita ko a cikin a-daidaita-sahu. Minti na farko ka tambayi kanka, me ke nan yanzu? Wane tunani, wane yanayin zuci, me jiki ke ji? Ka amsa a taƙaice: "Tunanin sakamakon gwaji. Tsoro. Ciki ya ƙulle." Kada ka gyara komai. Minti na biyu ka tattaro hankali wuri guda, numfashi ko tafin ƙafa. Na uku ka buɗe shi ya game jikin duka, yadda kake zaune, yanayin fuskarka, har da wurin da ya ƙulle ɗin. Sai ka ci gaba da abin da ke gabanka.

Da dare kuwa, lokacin da gida ya yi tsit, abin da ke zuwa ba ya zuwa da sunan tunani, da sunan gaskiya yake zuwa. "Na zama kaya." Ka maimaita shi da ƙari kaɗan: "Ga tunanin nan na cewa na zama kaya ya dawo." Ba gardama za ka yi da shi ba, mai gardama da zuciyarsa da tsakar dare ba ya cin nasara. Suna kawai za ka ba shi. Ga na kuɗi, ga na mutuwa, ga na da-na-sani, ga na wa zai riƙe yara. In ka yi mako biyu kana haka za ka tarar ba su fi huɗu ko biyar ba, su ne dai ke zagayowa da sabuwar riga. Wanda ka gane tun daga ƙofa ba ya yi maka shigar sauri.

Sai dai kada a raina wa majinyaci hankali: maganar kuɗi gaskiya ce. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Ko wanda ya dace da wannan, sau uku a mako naira 36,000 ke nan, ban da allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje da kuɗin mota. Abin lura shi ne akwai tunanin da ke ƙarewa da aiki, a kira wane, a tambaya a ofishin walwalar marasa lafiya, a rubuta wa ƙungiyar unguwa, akwai kuma wanda ke zagaye wuri ɗaya. Na farkon a yanka masa lokaci da rana, minti 20, da biro da takarda da ɗan'uwa a gefe. In ya zo da dare ka ce masa, "Na ji, sai bayan azahar," ka koma kan tafin ƙafarka. Ƙarfe ukun dare ba wanda za ka kira.

Yadda za a shimfiɗa shi a wata biyu

Makon farko kofin ruwa kaɗai, sau ɗaya a rana. Na biyu da na uku a ƙara zagayen jiki, a kan gadon wanki da kuma a gida ranakun da ba wanki. Daga na huɗu a shigo da minti ukun nan sau uku a yini, a rataya su a jikin abin da ba ya tashi, kamar bayan asuba da la'asar da isha. Ƙaiƙayi da tunanin dare a bar su sai mako na biyar, lokacin da hankali ya ɗan saba da dawowa. Wanda bai kai ga wanki ba, yana mataki na uku ko na huɗu na ciwon, tsarin ɗaya ne, tabarma ko kujera ta ishe shi. Ranar da aka tsallake an tsallake, ba ramuwa.

A makonni biyun ƙarshe ka rubuta abin da kake yi daga safe zuwa dare, ka ware masu ƙara maka ƙarfi da masu zuƙe ka. Ciwon damuwa yakan ce ka jira sai ka ji sha'awar abu kafin ka yi, alhali a wannan ciwon aiki ke riga sha'awa zuwa. Don haka ka zaɓi ƙananan abubuwa biyu ka sa musu lokaci: fita ƙofar gida bayan la'asar, zaman majalisa ko na kwata ne, tsefe wa jika kai, watsa wa kaji hatsi. Ka kuma rubuta alamomin da kake fara gani in ciwon zai taso, kamar daina ɗaga waya ko ƙyuyar wanka, ka ba mai jinyarka takardar.

Wanda ya tsere wa tashin hankali, irin abin da mutanen Borno da Zamfara suka gani, rufe ido da yin shiru kan iya dawo masa da abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa. Irin wannan ya bar ido a buɗe, ya tsaya a minti biyu ko uku, ko ya yi atisayen yana tafiya a tsakar gida yana jin takunsa. In abin ya ci gaba da taso masa, ya dakata har sai ya ga ƙwararre.

Mai jinya kuma, kada ki ce, "Baba, ka daina tunani," ba wanda ya taɓa dainawa don an ce ya daina. Ki ce, "Baba, bari mu yi minti goman nan tare." Ki karanta masa sassan jikin a hankali, ki bar shiru mai tsawo a tsakani, ya fi tsawon da kike zaton ya isa. Kina iya naɗar muryarki a waya ya riƙa sa abin kunne a ɗakin wanki. In ya ce yau ba ya so, ki ƙyale shi.

Ranar da wata biyu suka cika, a sake cike takardar tambayoyi taran nan a gaban likita, a ajiye ta kusa da ta farko. Idan makin ya sauka, a ci gaba da minti goman. Idan yana nan ko ya hau, a nemi a tura majinyacin wajen likitan ƙwaƙwalwa, a tafi da takardun biyu da jerin duk magungunan da yake sha, har da jiƙe-jiƙen gida, domin a auna abin da ƙodarsa za ta iya ɗauka.